Masar Hajiya Sauda da Labarin da Aka Dasa

Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, lokacin da mazan gari ke masallaci, wani labari ya fito a shafin intanet na jaridar Muryar Ganuwa. Labarin ya ce Hajiya Sauda, mai masar nan ta Ƙofar Ran, da naman mushe take yin miya. An sa hotonta tana zaune gaban tanda, an ce wani mahauci ne ya tona, sannan aka rattaba sunan Lailatu, ɗaya daga ma'aikatan jaridar, a matsayin wadda ta rubuta.

Kafin la'asar labarin ya gama zaga wayoyin Bauchi. Bayan la'asar, Hajiya Sauda ta hura wutar masar yamma ba ta san abin da ake ciki ba, sai ga gungun samari da ihu. Suka fasa tukunyar ƙullu, suka zubar da miya a kwata, wani ya sa ƙafa ya ture tanda. Man da ke tafasa ya kwarara a hannunta na dama, daga gwiwar hannu har yatsu.

Hamsatu ta iso asibiti ana kiran magariba. 'Yar Jalo ce, makiyayin da a zamaninsa in aka kore wa mutum shanu shi ake ɗaukowa ya bi sawu. Ita ba ta bi shanu ba, ta karanci kwamfuta, amma aikin bai canja ba: wanda aka kutsa wa waya ko aka ƙwace wa shafi, ita yake nema ta gano masa ta ina aka shigo. Shekara biyar ta yi a ɗakin Hajiya Sauda lokacin da ta zo karatu daga ruga, ba dangin iya ba na baba, don kawai mahaifiyarta ta taɓa sayar da nono a gefen tandar. Goggo take ce mata.

Ta tarar da ita a kwance, hannun a naɗe da bandeji, ido a rufe. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon yatsun da suka leƙo, sun kumbura sun yi baƙi, har ta ji haƙoranta na ciwo don cizo.

A baranda Ɗanlarai, babban ɗan Hajiya, yana ta kai da komo, maƙwabta sun kewaye shi kowa da tasa. Wata ta ce Lailatun ce, ai ga sunanta. Wani ya ce a'a, mai gyaran shafin ne, wani Irmiya, shi kaɗai aka bari a ofis lokacin salla.

"Na san inda yake zaune a Yelwa," in ji Ɗanlarai. "Gobe war haka uwarsa ma tana bakin gadon asibiti."

Hamsatu ta riƙo hannun rigarsa. "Yaya, ni ma so nake wanda ya yi wannan ya gwammace ba a haife shi ba. Amma in ka kama wanda ba shi ba, mai laifin zai kwana yana dariya. Ba ni zuwa Litinin."

"In ba ki samo ba fa?"

"Sai in raka ka Yelwan da kaina."

*

Ofishin Muryar Ganuwa ɗaki biyu ne a saman wani kantin sayar da taya a Fadaman Mada. Da safiyar Asabar Hamsatu ta hau benen. Editan, Malam Fakhruddeen, dattijo mai furfura a gemu, ya karɓe ta yana ta goge zufa duk da fankar da ke kansa. Ya ce sun sauke labarin tun ƙarfe huɗu na jiya, amma an riga an ɗauki hotonsa an yaɗa.

"Wallahi, 'yata, shekara tara muna wannan aiki ba mu taɓa ganin haka ba. Sai da aka taɓa shafin nan. Ranar Alhamis aka sabunta shi, ranar Juma'a masifa ta faɗo."

"Wa ya sabunta?"

"Irmiya. Shi ke kula mana da shi. Ya dame ni wata uku, wai manhajar ta tsufa, sai an ɗora sabuwa. Da na sani na bar abina yadda yake."

Mataimakin editan, Mahfuz, ya shigo da shayi a faranti ya ajiye mata. Saurayi ne mai tsafta, hularsa a karye daidai, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya jajanta mata sosai, ya ce shi ma ya sha cin masar Hajiya.

"Ba na son in ɗauki alhakin kowa," ya ce, "amma mu dai muna masallaci, ni da Malam, sahu ɗaya ma muka yi. Lailatu ta tafi gida tun sha biyu. Mutum ɗaya ne ya rage a nan. Kuma tun jiya ya kashe wayarsa."

Hamsatu ta tambayi su wa ke da ikon shiga cikin shafin. Malam Fakhruddeen ya ƙirga da yatsa: shi, da Mahfuz, da Lailatu, da Irmiya.

"Wa ke da cikakken iko, wanda zai iya kunna abu ya kashe?"

"Ai dukkanmu. Don kada aiki ya tsaya in wani ba ya nan."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Gida mai mutum huɗu, kowa da makullin ɗakin kowa. Ta nemi ya buɗe mata, ta zauna a kwamfutarsa. Rajistar da ke rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa an share ta tas, daga safiyar Juma'a har la'asar. Amma akwai abin da mai sharar bai san da shi ba. Can ƙarƙashi, inda manhajar ke ajiye labarai, kowane labari na da lokaci biyu, na rubutawa da na fitowa. Wannan ya fito ɗaya da rabi, amma tun sha ɗaya da minti goma sha shida aka rubuta shi, aka saita shi ya fito da kansa. Kuma da intanet ɗin ofishin aka yi.

Ba ta faɗa musu ba. Ta shanye shayin ta yi godiya. Da ƙarfe sha ɗaya na ranar Juma'a duk su huɗun suna cikin ofishin nan, saboda haka zancen masallaci bai wanke kowa ba.

*

Sai da Hamsatu ta bi ta hannun matarsa, ta rantse ita kaɗai za ta zo, sannan Irmiya ya yarda su haɗu a gidan wani ɗan'uwansa a bayan Yelwa. Mutum ne siriri mai tabarau, idanunsa sun yi ja. Ya tura wa matarsa da 'ya'yansa biyu saƙo su tafi ƙauye tun da asuba.

"Malama Hamsatu, ke kin san aikin nan. Ki duba abin da na yi, in kin ga kuskure ki kai ni da hannunki."

Ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma. Ya nuna mata kwafin ajiya da ya ɗauka ranar Laraba kafin ya taɓa komai, na rubuce-rubuce da na hotuna duka, ɗaya a rumbun kamfanin da ke riƙe musu shafi, ɗaya a wani faifai cikin jakarsa. Daga wannan kwafi ya gina shafin gwaji, tagwayen na gaskiya, wanda jama'ar waje ba sa gani. A can ya fara ɗora sabuwar manhajar. Sannan ya bi filogin ɗin, ƙananan manhajojin nan da ake jona wa shafi don ya yi wani aiki na musamman, ya sabunta su ɗaya bayan ɗaya, in ya ɗora ɗaya sai ya duba ko wani abu ya karye kafin ya wuce gaba.

"Goma sha bakwai ne. Sha shida sun tafi lafiya. Ɗaya ne matsala, wanda suke canja sunan marubuci da shi. Masu shi sun watsar da shi shekara uku, babu gyara. Kuma mugun abu ne, in ka sa sunan wani a labari ba ya barin alamar cewa kai ka sa. A shafin gwaji na cire shi gaba ɗaya."

"A na gaskiya fa?"

Irmiya ya cire tabarau ya murza ido. "Nan ne laifina. Ranar Alhamis da na zo ɗora aikin a na gaskiya, suka ce kada in cire, akwai tsofaffin labarai da za a gyara wa suna. Sai na kashe shi kawai, na ce Litinin zan goge. Abin da aka kashe kuwa, duk mai cikakken iko zai iya kunnawa."

"Su wa suka ce?"

"Muna zaune ne duka. Mahfuz ya fara magana, Lailatu ta ce gaskiya ne, Malam ya ce to a bari."

Ya ƙara da cewa tun ranar Laraba ya tilasta wa kowa canja kalmar sirri, ya kuma sa tsarin da sai an turo wa mutum lamba a wayarsa kafin ya shiga, a shafin gwajin da na gaskiyar. Har Malam ya yi masa faɗa wai ya cika wahalar da mutane. Hamsatu ta gane abin da wannan ke nufi. Ba wanda zai iya shiga da sunan Lailatu sai da wayarta a hannu. Ko dai ita ta rubuta, ko wani ya shiga da nasa sunan ya kunna mataccen filogin ya liƙa mata.

"Me ya sa ka gudu?"

"Malama, sunana Irmiya. An ce an zagi Hajiya ana cikin sallar Juma'a, an ce ni kaɗai ne a ofis. Ke da kanki, da ke ce ni, za ki tsaya yin bayanin filogin?"

Ta karɓi adireshin shafin gwajin da izinin shiga, ta ce kada ya kunna waya tukuna.

*

Lailatu na gidan iyayenta a kusa da Kasuwar Muda Lawal, an kulle ƙofar zaure da sakata. Tun jiya ake kiran wayarta ana tsine mata, wanda zai aure ta ma ya turo cewa a dakata da maganar tukuna. Ta fito da hijabi, fuska a kumbure.

Hamsatu ba ta tausaya mata ba, don har lokacin ba ta cire ta a rai ba. "An ce kin taɓa yin cacar baki da Goggo a kan layin sayen masa, wata biyu da suka wuce."

"An yi. Na ce an tsallake ni, ta ce in ina sauri in je in soya da kaina. Washegari na koma na saya. Yanzu saboda wannan zan ce tana dafa mushe, in kuma sa sunana a kai? Anti, ko mahaukaciya ce ni?"

Maganar ta zauna. Mai son ɓoye hannu ba ya rattaba sunansa. Hamsatu ta sauya tambaya. Ta ce wanda ya yi wannan mutum biyu ya jefa da dutse ɗaya, Hajiya da Lailatu. Me ya taɓa haɗa su?

Lailatu ta ɗago. "Shari'ar bara. Wani direban tifa, Auwalu, ya take wata yarinya mai tallan gyaɗa a gaban wurin Hajiya, ya gudu. Mutum fiye da ashirin suka gani, duk suka ce ba su gani ba. Hajiya kaɗai ta je kotu ta faɗi lambar motar, ta nuna shi da yatsa. Aka ɗaure shi shekara biyar. Ni na bi shari'ar daga farko har ƙarshe, na sa hotonsa."

"A ofis ba wanda ya hana ki?"

"Babu. An dai yi ta jan ƙafa wajen fitar da labarin, sai da na kai ƙara wurin Malam."

Ranar Lahadi da hantsi Hamsatu ta nemo gidan su Auwalu, a wani lungu da keke ba ya shiga. Ta tafi da zuciyar cewa za ta tarar da maƙiya, sai ta tarar da wata tsohuwa ita kaɗai tana tsince shinkafa, idonta ɗaya ya yi yana. Ko waya ba ta da ita. Da ta ji an ambaci Auwalu sai ta fara hawaye, ta ce ciwon ƙirji ya kama shi a gidan yari, an ce har jini yake tofarwa.

"Wa ke kula da ke, Iya?"

"Yayansa mana. Uwa ɗaya suke, uba kowa da nasa. Shi ya yi boko, yana aikin ofis. Allah ya yi masa albarka, duk Juma'a sai ya je ya duba ƙanensa."

Hamsatu ta tambayi sunansa, tsohuwar ta ce ita Babangida take ce masa, don sunan mahaifinta gare shi, ba ta iya faɗa. Babangida kuwa a Bauchi sun fi a ƙirga. Ta fito ba ta ƙaru da komai ba sai haushi, ga Litinin ta matso, ga Ɗanlarai ya kira ta sau shida.

*

Da ta koma shagonta bayan azahar, ta buɗe shafin gwajin. Ba wani abu take nema ba illa ta tabbatar ko Irmiya ya yi mata ƙarya game da filogin ɗin da ya ce ya cire. Ta duba, babu shi, gaskiya ya faɗa. Shafin kuwa kamar an tsaga kara da na gaskiya, launi ɗaya, tambari ɗaya, in ba ka kalli adireshin da kyau ba ba za ka bambance ba.

Har za ta rufe sai idonta ya faɗa kan kwandon shara, inda labaran da aka goge ke zama kwana talatin kafin su ɓace. Akwai abu ɗaya a ciki. Wannan shafi an kwafe shi ranar Laraba, an gama gwaji ranar Alhamis, bai kamata a sami komai a cikinsa da ya wuce ranar ba.

Ta buɗe. Labarin mushen ne, kalma da kalma, har hoton Goggo gaban tanda. An rubuta shi ranar Juma'a da sha ɗaya da minti huɗu, minti goma sha biyu kafin na shafin gaskiya. Kuma da yake a nan babu filogin ɗin canja suna, manhajar ta rubuta sunan wanda ya shiga da kansa.

Hamsatu ta daɗe tana kallon sunan. Ta tuna shayin da ta sha ranar Asabar, ta tashi ta fita waje ta tofar da yawu. Sannan ta ɗauki hoton komai, ta adana kwafi uku a wuri uku, ta kira Lailatu ta yi mata tambaya ɗaya: a ofis, akwai wanda 'yan gidansu ke kira Babangida?

*

Ranar Litinin da ƙarfe goma aka taru a zauren mai unguwar Ƙofar Ran. Hamsatu ce ta zaɓi wurin, kuma da gangan ta zaɓa, don tana son a yi abin a unguwar da aka zubar da mutuncin Goggo. Mai unguwa na zaune a kujerarsa, gefensa wani sufeton 'yan sanda da ta kai wa takardu tun da sassafe. Malam Fakhruddeen da Mahfuz a tabarma ɗaya, Lailatu da mahaifinta a ɗaya. Irmiya ya shigo ta ƙofar baya. Ɗanlarai ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, a bayansa kuma titi ya cika.

Hamsatu ta gaida mai unguwa ta durƙusa, sannan ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, an ce sabunta shafi ne ya jawo wannan. Ba shi ba ne. Irmiya ya yi aikinsa yadda ake yi, ya ajiye kwafi, ya gwada a gefe, ya sa kowa ya canja kalmar sirri. Kuskurensa ɗaya, an roƙe shi ya bar wata tsohuwar ƙofa ya bari. Malam Fakhruddeen kuma nasa kuskuren shi ne ya ba kowa makullin komai. Amma ba ɗayansu da ya rubuta labarin."

Ta bayyana yadda aka rubuta shi tun sha ɗaya aka saita shi ya fito ana salla, don a ce mai shi yana masallaci. Ta ga Mahfuz ya gyara zama.

"Ranar Laraba Irmiya ya tura wa mutum uku adireshin shafin gwaji su duba. Ɗaya daga cikinsu kwamfutarsa ta riƙe adireshin. Ranar Juma'a yana sauri, ya fara buga sunan jarida, kwamfutar ta ƙarasa masa, ta kai shi na gwaji bai lura ba. Ya zuba labarinsa, ya nemi inda zai sa sunan Lailatu bai gani ba. Nan ya gane ya yi ɓatan kai. Ya goge, ya koma na gaskiya, ya kunna abin da aka kashe, ya yi aikinsa, ya share rajista. Can ya share sawunsa da kyau. Na farkon ne ya manta."

Ta juya kwamfutar ta fuskanci mai unguwa, amma idonta na kan mutum ɗaya.

"Malam Mahfuz, ko in ce Babangida. Karanta wa mai unguwa sunan da ke nan."

Mahfuz ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Kowa zai iya shiga da sunana. Shi Irmiyan ba shi ke riƙe da komai ba?"

"Ba a shiga sai da lambar da ake turowa waya. Sha ɗaya da minti ɗaya aka tura lamba zuwa layin da ya ƙare da huɗu, bakwai, biyu. Sufeto na da takardar. Layin wa ke nan?"

Malam Fakhruddeen ya juya a hankali ya dubi mataimakinsa. "Mahfuz? Kai da na ɗauko ka tun kana bautar ƙasa?"

Sai fuskar nan mai ladabi ta rushe. Mahfuz ya miƙe tsaye. "Ƙanena yana tofar da jini a kurkuku! Mutum ashirin suka yi shiru, ita Hajiyar wa ya aike ta? Wannan Lailatun kuma ta sa hotonsa duniya ta gani, ni ina zaune a tebur ɗaya da ita ina gyara mata waƙafi! Na so su ɗanɗana yadda ake ji in an nuna ka da yatsa. Ban ce a ƙona ta ba."

"Yarinyar da ya take shekararta tara," in ji Lailatu. "Khairat sunanta. Ka taɓa tambaya?"

Ɗanlarai ya yi kukan kura, sai da mutum uku suka riƙe shi. A waje an fara jin hayaniya, ana cewa a fito da shi. Hamsatu ta san in ta taka zuwa ƙofa ta faɗi sunan da ƙarfi, ko sufeto ba zai iya hana abin da zai biyo baya ba, kuma Allah ya sani ƙafarta ta so tafiya. Ta tsaya ta dubi Mahfuz daga hula har takalmi.

"Duka kwana nawa ne zai warke," ta ce wa Ɗanlarai. "Bar shi. Ina son ya tsaya gaban alƙali, Goggo ta nuna shi da hannun da ya rage mata. Ina son Lailatu ta rubuta labarin da sunanta na gaskiya, ta sa hotonsa. Sannan ya je ya tarar da ƙanensa, su yi jinyar juna."

Ta baya aka fita da Mahfuz. Mai unguwa ya fita da kansa ya gaya wa jama'a cewa Irmiya da Lailatu ba su da hannu, wanda ya taɓa su shi ya taɓa. A ranar, kafin la'asar, Irmiya ya goge tsohon filogin ɗin, ya rage wa kowa iko ya bar wa edita kaɗai, Malam Fakhruddeen na tsaye a kansa yana kallo.

*

An buga gyara a saman shafin Muryar Ganuwa, aka bar shi wata guda. Waɗanda suka karanta shi ba su kai kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suka karanta ƙaryar ba. Likita kuma ya ce yatsu uku na hannun Hajiya Sauda ba za su sake lanƙwasuwa ba.

Hamsatu ta je ta ba ta labarin yadda aka yi, tun daga shafin gwaji har zauren mai unguwa. Hajiya ta saurara tana kallon silin. Da aka zo kan tsohuwar mai yanar ido, ta ce a riƙa kai mata abinci, ita ba ta yi wa kowa komai ba. Da aka ce dangin uban Mahfuz na son zuwa ba da haƙuri, ta ce su sha zamansu, ba ta yafe ba.

"Wanda ya rubuta kin kamo shi, Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Saura wanda ya sa ƙafa ya ture tandar."

Hamsatu ta matso da kujera. "Kin gan shi, Goggo?"

"Ido cikin ido. Ɗan unguwarmu ne. Ranar sunansa ni na soya masar da aka raba, kwano goma sha biyu, ina da cikin autana wata takwas."

"Faɗa min sunansa. Kafin magariba..."

"A'a." Hajiya Sauda ta ɗaga hannun mai bandeji da ƙyar, ta ɗora shi a kan ƙirjinta. "Ke kin yi naki. Wannan nawa ne. Ranar da aka sallame ni, da ƙafata zan je gidansu, in zauna a tsakar gida, in kwance wannan ƙyallen a gaban uwarsa. Sai ta kira shi ya zo ya kalla."